Sabon Injin Sharhabil da Tudun Gidan Malam

"…lafiya ƙalau, tunda yau ka ga damar tambaya. Ya gajiyar gantali?"

"Babu gajiya, Amarya. Ya ƙafar?"

"Ƙafa tana nan inda ka bar ta. Wai tsaya tukuna, kai ne ka shigo mana layi da wannan gurnanin? Na ɗauka masu injin markaɗe ne suka tare a ƙofar gidana."

Hajiya Safara'u ke nan, tsohuwar shugabar makarantar firamare, wadda ta ajiye aiki shekara goma sha biyar da suka wuce amma bakinta ya ƙi karɓar takardar ritaya. Tun ƙarfe tara na safiyar Asabar ɗin take zaune a barandar gidanta da ke Abakpa, ta sha atamfa, ta yafa mayafi, fulas ɗin kunun gyaɗa yana jingine da ƙafar kujera. Wanda ake yi wa wannan tarba kuwa jikanta ne, Sharhabil, ƙaramin ma'aikacin gwamnati da ke haya a Kawo. Tun yana rarrafe take ce masa Maigida, shi kuma tun da bakinsa ya buɗe yake ce mata Amarya. A tsawon wannan aure nasu na wasa, ba a taɓa yin ranar da suka rabu ba tare da an ambaci saki ba.

Sai dai Asabar ba ranar wasa ba ce a wurin Hajiya. Ita ce ranar da take zuwa Hayin Banki duba yayanta, Malam Zakari, malamin allo, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar tun bayan Babbar Salla. Su takwas mahaifiyarsu ta haifa, su biyun nan suka rage. Magana ta yi wa Malam nauyi, sai dai ya nuna da hannu. Abinci ma sai an yi da gaske yake karɓa, amma kunun Safara'u yana shanye kofi guda. Gidansa kuma yana can ƙarshen wani lungu da ya haye tudu, ruwan sama ya zaizaye shi ya bar ramuka. Mota ba ta shiga, Keke Napep a bakin titi yake ajiye mutum, gwiwoyin Hajiya kuwa sun daɗe da yin sallama da hawa. Babur kaɗai ke kai ta ƙofar gidan, babur ɗin kuma na Sharhabil ne.

To, Asabar biyu da suka wuce babur ɗin ya kunyata su. A tsakiyar tudun ya shaƙe, ya yi tari biyu ya mutu, dole Hajiya ta sauka ta ƙarasa da ƙafa tana dafa katangun mutane. Kwana uku gwiwarta na kumbure. Da labari ya kai kunnen ɗanta Abdulmalik, mahaifin Sharhabil, sai ya yanke hukunci daga ofis ta waya: Hajiya ta daina hawa babur, ta bari idan ya samu sarari zai san yadda za a yi. Ita kuwa ta san sararin Abdulmalik, ita ta haife shi. Asabar ɗin da ta biyo baya Sharhabil bai zo ba, ya ce babur yana wurin bakanike. Tun ranar take kwana da zargin an haɗa baki ne za a zaunar da ita a gida da dabara.

"Gurnani kika ce?" Sharhabil ya dafe ƙirji. "Amarya, wannan ai muryar manya ce. Taso ki ga abin da mijinki ya yi. Da injin mai ɗari ne, yanzu ya koma ɗari da ashirin da biyar. An sa masa babban bulo, babban fistin, sabon ringi, har kafireta sai da aka taɓa."

"Ɗari da ashirin da biyar ɗin me? Buhu ko mudu?"

"Faɗin cikin injin, Hajiya. Ramin da fistin yake kai-komo a ciki shi aka ƙara wa girma, ya riƙa jan mai da iska da yawa, ƙarfi ya ƙaru."

"Oho, wato ciki aka ƙara masa. To ai ya biyo mai shi. Kai ma tun da aka yaye ka cikinka kaɗai ke ƙaruwa, har yau ban ga ƙarfin ba."

"Cikin nan ai girkinki ne. Duk wanda ya ga tumbina ya san ina da mata a gida."

"Mata a gida, amma ko turmin atamfa ba ta taɓa gani daga hannunka ba. Miƙo hannu ka tashe ni, in je in ga wannan abin al'ajabi."

Ya kama ta ta miƙe, suka fita ƙofar gida a hankali. Hajiya ta gyara tabarau, ta zagaya babur ɗin irin zagayen da take yi wa 'yan aji ranar duba farce. Ta taɓa madubin da aka ɗaure da roba, ta tsokani soson da ya leƙo daga kujera.

"Ni dai ban ga abin da ya sake ba. Jiya-i-yau."

"A ciki abin yake, Amarya."

"Haka duk daƙiƙan ajina suke ce mini idan na tambaye su ina karatun."

"Ke dai ba ki san inji ba. Wannan da kike gani, idan na murɗa shi daga tashar Kawo, kafin ki gama ɗaura ɗankwali na sha ruwa a Zariya."

"To ka je Zariyan, ka gaishe su. Ni Hayin Banki kawai na roƙa, ga shi nan ƙofar gida, shi ma sai da ka ajiye ni a rabin hanya."

"Wancan tsohon zance ne. Shekaranjiya wani Alhaji mai jif ya tare ni a danja, ya ce don Allah mu yi musanya, ya haɗa mini har da direba."

"Ka ƙi?"

"Na ce masa matata 'yar ƙauye ce, sanyin mota yana sa ta mura."

"'Yar ƙauye? Ni da na shigo Kaduna a jirgin ƙasa tun babanka bai san za a haife shi ba? Kai da aka yanke wa cibiya a kan idona kana ta tsala ihu kamar ɗan akuya? Ka ga, bar ɓata mini lokaci, ɗauko mini fulas mu tafi. Rana tana yi, Yaya ba ya son kunu ya huce."

Sharhabil bai nufi wajen fulas ɗin ba. Ya cire hula, ya sosa ƙeya, ya mayar, ya shiga kallon tayar gaba sai ka ce yau ya fara ganinta. Gaban Hajiya ya faɗi. Shekara talatin da biyar ta yi tana kallon fuskar yaran da suka zo da uzuri, ta san fuskar tun kafin a buɗe baki.

"Amarya, akwai 'yar magana."

"Na ga alama. Fito da ita."

"Bakanike ya ce sabon bulo ba a ɗora masa kaya nan da nan. Sai an lallaɓa shi tukuna, mutum ɗaya, a hankali, har kilomita ɗari biyar, ringin ya goge ya zauna daidai. In aka matsa masa yanzu zai ɗau zafi, fistin ya kama, injin ya buga. Aikin gaba ɗaya ya tashi a banza."

"Kaya. Ni ce kayan?"

"Ba haka nake nufi ba. Ai ke kaya ce mai daraja, irin wanda ake rubuta wa 'a ɗauka a hankali'."

"Tsaya in gane. Da injin yana ƙarami yana ɗaukata, ko da tari. Yanzu da ya girma ba ya iyawa. A wace makaranta aka koyar da wannan lissafin? Don ni dai ban koyar da shi ba."

"Na ɗan lokaci ne fa."

"Kilomita nawa ka yi zuwa yau?"

Ya leƙa mita. "Sittin da biyu."

"Saura ɗari huɗu da talatin da takwas. Daga ɗakinka zuwa ofis da dawowa nawa ne?"

"Kamar sha shida."

Ba ta nemi alli ba. "Asabar biyar ke nan, har da ɗoriya." Ta kalli bakin layi. Da ta sake magana, muryar ba ta Amarya ba ce. "Kai a ganinka Yaya Malam yana da Asabar biyar a ajiye?"

Sharhabil ya sunkuyar da kai. Ita kuma tsoro ne ya cika ta, tsoron da ta yi kwana goma sha huɗu tana dannewa: kada wata safiya a bugo waya daga Hayin Banki, alhali rabonta da yayanta tun ranar da ta shiga wurinsa tana haki, ko zama mai daɗi ba su yi ba don zafin gwiwa. Tsoron ya juye ya zama fushi, don ta fi iya fushi.

"Dube ni nan. Babanka ne ya kitsa maka wannan tatsuniyar ta ringi?"

"Wallahi Baba bai ma san na taɓa injin ba."

"Kada ka yi mini rantsuwa da farar safiya. Kira mini bakaniken in ji daga bakinsa. Ka buɗe sifika, kuma kada ka yi tari, na san tarin sigina."

"Haba Amarya, yanzu har aurenmu ya kai ga kiran shaidu?"

"Ya wuce nan. Kira."

Ya kira. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka, ana jin bugun guduma da kukan babura a bayan mai maganar.

"Oga Sharhabil, ya injin? Ba ka dai murɗa shi ba ko?"

Hajiya ta karɓe wayar, ta duba sunan da ke fuskarta. "Ba shi ba ne, matarsa ce. Kai ne Rabi'u bakanike?"

"Ni ne. Au, ashe Oga ya yi aure ba mu sha biki ba?"

"Shekara ashirin da bakwai muna tare. Ni na yi masa wankan farko."

Rabi'u ya fashe da dariya. "Allah Ya ba ki haƙuri, Hajiya! Ashe Hajiyar tudu ce! Ina kwana, ya ƙarfin jiki?"

"Hajiyar me?"

"Ai Hajiya saboda ke aka yi aikin nan. Ni da ya kawo mashin ɗin cewa na yi a canza ringi kawai, ya ishe shi zuwa ofis ya dawo. Ya ce shi ba ofis ne ya dame shi ba. Wai inji yake so wanda zai hau tudun Hayin Banki da kakarsa a baya, ba tare da ta sa ƙafa a ƙasa ba. Kwana huɗu yana tasowa daga aiki ya zo ya tsaya a kaina, ko ruwa ba ya bari in sha. Da bulon da na samo bai yi masa ba, da kansa ya tafi kasuwar Panteka ya…"

"Rabi'u, ya isa haka," in ji Sharhabil yana miƙo hannu. Hajiya ta juya masa baya da wayar.

"Ci gaba, ɗan albarka, ina jin ka."

"Har cewa ya yi in ringi ya zauna zai samo buhun masara ya ɗaura a baya, ya je ya gwada tudun tukuna, wai nauyinku ɗaya."

"Ya ce haka?"

"Wallahi Hajiya, a gaban mutane."

"To yanzu gaya mini tsakaninka da Allah. Yau zan iya hawa, ko ba zan iya ba?"

Rabi'u ya daina dariya. "Gaskiya Hajiya, a kan kwalta, in zai tafi a hankali, ya tsaya a hanya injin ya sha iska, wannan zan iya kau da kai. Amma tudun nan da mutum biyu, ko ni aka ba ba zan hau ba. A irin nan ne fistin yake kamawa. In ya kama kuwa, sai an sake aiki daga farko."

Ta yi masa godiya, ta miƙa wa Sharhabil wayarsa ba tare da ta kalle shi ba. Kunya ce ta kama ta, ta zargin da ta yi wa yaron, ga kuma wani daɗi da ya taso mata. Da wani jikan ne da ta rungume shi. Amma wannan Maigida ne, kuma tsakaninsu ba a saba da irin haka ba, don haka ta gyara mayafi ta koma ga abin da ta iya.

"Buhun masara ko?"

"Ƙaramin buhu na ce masa. Rabi'u ne ya ƙara gishiri."

"Ni da ake zuwa kallona tun daga Tudun Wada zamanin da nake budurwa, yau ni ce buhun masara a gareji, a gaban mutane."

"Masara ai ta yi daraja yanzu, Amarya. Yabo ne."

"Allah Ya shirye ka. Kuma kai da bakinka ba za ka iya cewa don ni ka yi ba, sai ka zo kana mini zancen Zariya da Alhaji mai jif?"

"In na faɗa ai kanki zai yi girma, nauyi ya ƙaru, sai an koma ɗari da hamsin."

Ta so ta yi dariya, dariyar ta ƙi zuwa. Ta dubi babur ɗin, ta dubi yaron da ya ƙare kwana huɗu a gareji saboda gwiwarta, ta ga ba za ta iya zama sanadin lalacewar wannan wahala ba. Hawa tudun da ƙafa kuma ta san ba ta da shi, wancan karon ma da ƙyar ta kai.

"Shiga ka ɗauko fulas ɗin," ta ce a hankali. "Ka kai masa. Ka ba 'yarsa Rashida ta ba shi da cokali, kada ta cika kofin. Ka ce masa ina gaishe shi, ina nan tafe in… in ringi ya zauna."

Sharhabil ya shiga ya fito da fulas ɗin a leda, ya rataye a hannun babur. Ya buga kik, injin ya tashi da sabuwar muryarsa. Sannan ya karkato da babur ɗin daidai dakalin da ta saba takawa ta hau.

"Hau mu tafi."

"Ba ka ji abin da mutumin ya ce ba?"

"Na ji. Ya halatta mana kwalta. In mun isa gindin tudun ma ga abin da Allah zai yi. Ni dai ba zan shiga gidan Malam da fulas babu matata ba, ya ɗauka na sake ki, ya sa a kira mini alƙali."

"Maigida, kada ka lalata injin nan saboda ni."

"Hau, Hajiya. Kunu yana hucewa."

Ta yi bismilla, ta dafa kafaɗarsa ta hau.

Duk wanda ya gan su ranar a babban titin da ya miƙe zuwa Kawo zai rantse mai ne ya ƙare musu suke gangarawa. Sharhabil ya lafe a gefen titi, idonsa na kan mita, motoci suna ta yi musu hon suna wucewa. Hajiya ta yi haƙuri na minti biyar, wanda a wurinta ba ƙaramin haƙuri ba ne.

"Maigida, mun tashi ne, ko har yanzu injin yake ɗumi?"

"Tafiya muke, tafiyar manya."

"Ga mai yogot a keke can ya wuce mu."

"Sauri yake yi kada kayansa su yi zafi."

"Ya tsaya ya sayar wa wata mata, ga shi ya sake wuce mu. Har ɗaga mini hannu ya yi, ya ɗauka mun saba."

"Ki dai riƙe ni da kyau, kada iska ta ɗauke ki."

"Wace iska? Ƙuda ne ma ya sauka a hancina tun Unguwar Shanu, har yanzu bai ga dalilin tashi ba."

A rabin hanya ya tsaya a inuwar wata bishiyar dogon yaro ya kashe injin don ya huce, kamar yadda aka umarta. Hajiya tana zaune a kai tana yi wa injin fifita da gefen mayafi, tana tambaya ko a sayo masa fiya wata.

Da suka bar kwalta suka shiga lungun gidan Malam, tudun ya bayyana a gabansu yadda suka bar shi, jar ƙasa da ramuka, ga kwata tana gangarowa ta gefe. Sharhabil ya tsaya a gindinsa ya kashe injin. Hajiya ta fara laluben ƙasa da ƙafa.

"Ina za ki?"

"Sauka zan yi mana. Tunda ka kawo ni nan, ko da rarrafe ne na ƙarasa."

"Zauna inda kike." Ya sauka yana riƙe da babur ɗin, ya cusa hula a aljihu, ya naɗe hannun riga. "Matso gaba kan kujerata. Ki dafa tanki da hannu biyu. Kada ki motsa komai, musamman bakinki."

Sai a lokacin ta gane. "Kai, rufa mini asiri! Tura ni za ka yi? A unguwar da aka san ni? Sauke ni, bayanka zai riƙe."

"Injin Rabi'u ya hana hawa da ke. Ni bai hana ni ba."

Ya kama hannuwan babur ɗin, ya jingina ƙugunsa da kujera, ya ce "Ya Allah," tayoyi suka fara juyawa. Hajiya ta ƙanƙame tanki tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, har da ta shiga kasuwa. Taku goma, taku ashirin, jijiyoyin wuyansa suka tashi, gumi ya fara ɗiga daga haɓarsa. Mata suka soma leƙowa ta ƙofofi. Da ta ga dai ba faɗuwa za su yi ba, kuma kallo ya riga ya samu, sai ta ga gara ta ci ribarsa. Ta gyara zama ta ɗaga kai.

"Sannunku, sannunku! Ku shaida, sabon inji mijina ya sa, ɗari da ashirin da biyar. Kun ji shi ko? Ko ƙara ba ya yi, sai haki."

"Amarya… ki bari… mu kai…"

"Kuma ba ya shan mai, tuwo kawai."

Daidai inda tudun ya fi miƙewa ƙafarsa ta zame a kan tsakuwa, babur ɗin ya dawo baya taku guda. Ya damƙe birki, ya tokare da gwiwa, ya tsaya yana jan numfashi. Zuciyar Hajiya ta tsinke, ba don kanta ba. Wani magidanci da ke alwala a ƙofar gidansa ya ajiye buta ya taso.

"Malam, a kama maka?"

Sharhabil ya girgiza kai, don numfashin magana ya ƙare masa.

"Ka gan shi nan, bawan Allah, taurin kai gadon gidansu ne," in ji Hajiya. "Sabo ne, so ake ringinsa ya zauna." Sannan ta sunkuyo ta ce yadda shi kaɗai zai ji, "In ka gaji ka huta, don Allah. Mun kusa."

Mutumin dai bai saurari ko ɗayansu ba. Ya sa hannu a ƙarfen bayan babur ɗin har suka wuce ramin, sannan ya koma ga butarsa.

A saman tudun, a ƙofar zauren da ɗalibai suka shekara hamsin suna ɗaukar karatu, an fito da Malam Zakari a kujerar roba an tokare shi da matasai. Rashida tana tsaye a bayansa.

"Gwaggo, sannunku da zuwa," ta ce. "Tun safe ya ƙi a mayar da shi ciki. Wancan satin ma haka ya wuni yana kallon hanya."

Idon Hajiya na kan yayanta. Ya rame fiye da yadda ta bar shi, rigar ta yi masa yawa. Amma idonsa a buɗe yake tar, yana bin su da kallo: ga ƙanwarsa a ɗare kan babur ta dafe tanki, ga jikanta jiƙe sharkaf yana turo ta, ga inji a kashe. Sai gefen bakinsa mai lafiya ya fara motsi, kafaɗarsa ta girgiza. Rashida ta sunkuyo da sauri, ta ɗauka numfashinsa ne ya sarƙe, ashe dariya ce.

Ya ɗaga hannun da ke aiki ya nuna Sharhabil, ya yi ta kokawa da harshensa.

"Sa… Safara'u." Ya huta. "Ina… kika samo… jaki?"

Rashida ta dafe ƙirji. "Baba ya yi magana!" Wata biyu ke nan ba a ji ya haɗa kalma uku a jere ba. Hajiya ta fashe da dariya, hawaye na zuba, ba ta ma damu ta share ba. Tun da ciwon nan ya shigo gidansu ba ta ji daɗi irin na wannan lokacin ba.

"Na gida ne, Yaya. Ba shi da sauri, amma akwai haƙuri."

Sharhabil ya kafe babur ɗin, ya kama ta ta sauka, sannan ya zube a kan dakali yana dariya yana haki. "Shi ke nan… na sallama. Da ke kaɗai ce da na rama. Amma ku biyu… kun fi ƙarfina."

Hajiya ta nufi wurin yayanta, sai ta tsaya a rabi ta dawo. Ta ɗora tafin hannunta a kan jiƙaƙƙen kan Sharhabil, ta bar shi a nan.

"Allah Ya yi maka albarka. Yadda ka kawo ni yau, Allah Ya ba ka masu kai ka inda ƙafarka ta kasa."

Ya buɗe baki zai mayar mata kamar kullum, ya laluba ya ga wannan ba ta da martani. Ya sunkuyar da kai a ƙarƙashin hannunta, ya ce amin.